Jan Kwayil Ɗin Da Na Kai Wa Kawu Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya leƙo garejinmu sai ya ce, "Injiniya, yaya ƙasar waje?" Ni kuma in ce lafiya lau, akwai teku, akwai kifi, in yi maza in canza magana. Sabi'u mai walda ne ya gano ni. Ya lura tun da na dawo ba na ɗaura kwayil a babur sai na nemi samfefa na goge ƙarfe, ni da na fi kowa yi wa masu irin wannan ba'a. Ya tasa ni gaba sai na faɗi dalili. Na ga gara in rubuta sau ɗaya, kowa ya yi dariyarsa ya gama, a bar ni in huta.

Bari in fara da gaskiya: ni ba injiniya ba ne. Sunana Nasiru, bakaniken babur ne a Kano. Injiniyan nan ni na rubuta wa kaina da jan fenti a allon gareji, ya bi ni, ban kuma taɓa hana kowa kira ba.

Kawu Isa, ƙanen mahaifiyata, shi ya kai ni. Ya fi shekara talatin a Zangon Kwatano yana acaɓa, a can ya yi aure, a can ya haihu. Farkon damina aka bugo cewa ya faɗi ya karye a ƙafa, Umma ta ce in je in dubo mata shi. Ta haɗa tsarabar kuka da daddawa da yaji. Ni ma na ce ba zan je hannu rabbana ba. Da muke waya Kawu ya ambaci cewa babur ɗinsa na wuyar tashi da safe. Daga nan Kano, ban ga babur ba, ban ji kukansa ba, na yanke hukunci cewa kwayil ne, wato abin da ke haɗa wutar da fulogi ke tartsatsi da ita. Na je Ƙofar Ruwa na sayo sabo, ba na kamfanin babur ɗin ba, wani ja jawur mai kaurin waya da hoton walƙiya a kwalinsa. Mai shagon ya rantse wutarsa ta fi ta na asali nesa ba kusa ba. Ban gwada ba. Jan nan ne ya tafi da imanina.

A doguwar motar Legas Allah ya haɗa ni kujera da wani dattijo mai fataucin albasa, Alhaji Bawa, wanda ya ce Kwatano ta zame masa kamar bayan gida don yawan zuwa. Kafin mu kai Zariya na riga na buɗe jaka na nuna masa kwayil sau biyu. Ya juya shi, ya miƙo min, ya ce, "Ɗana, in ka je, ka yi kwana uku kana kallon yadda suke yi kafin ka nuna musu yadda kake yi." Na ce to, a raina kuwa ina cewa mai albasa me ya sani a harkar wuta.

Wajen Lokoja ƙullin daddawar Umma ya fashe a ƙarƙashin kujerata. Mota ta ɗauka. Wata mata a gabanmu ta fito da turare tana fesawa tana waige, ni ma na taya ta waigen, har da toshe hanci. Alhaji Bawa bai tona ni ba, sai da muka sauka ya ce in gaida mai daddawar, ta iya.

Daga Legas muka shiga ƙaramar mota ta hanyar Badagiri zuwa Seme, inda iyaka take. Shingayen da ke hanyar nan na ƙirga har na gaji na bari. A iyaka aka duba katin allurar shawara, aka buga min hatimi, sai wani ma'aikaci na ɓangaren Benin ya zuge jakata ya zaro jan abu mai waya. Ya ɗaga shi sama yana Faransanci. Sai a lokacin na ga yadda abin ya yi kama da abin da ba a so a gani a iyaka. Alhaji Bawa ya shiga tsakani ya yi bayani. Da na ga fuskar mutumin ta saki, sai bakina ya buɗe, na shiga yi masa lacca a kan ƙarfin wutar da Hausa, ko kalma ba ya ji. Ya saurara har na gama, ya mayar min, ya faɗi wata magana yana murmushi.

"Me ya ce, Alhaji?"

"Ya ce yana da kyau, amma ka kankare kafin ka ɗaura."

Na ɗauka irin ba'ar ma'aikata ce, na zuge jakata muka wuce.

Abin da ya fara ɗaukar idona a Kwatano shi ne rigunan ɗorawa. Duk ɗan acaɓa da rigarsa ruwan ɗorawa da lamba a baya, zem suke ce musu, kuma in danja ta tsayar da su sai ka ga titi ya zama ɗorawa daga nan har can. Mata ma suna tuƙa babur abinsu, da jaka da takalmi mai tsini, ba mai ko kallonsu. Fetur kuwa a manyan kwalabe na gilashi yake a bakin titi, yawanci mata ke sayarwa. Ɗan acaɓar da ya ɗauko ni ya ƙi tashi sai na sa hular kwano. Na nuna masa hulata zanna sabuwa da na kafa don shiga gari, ya girgiza kai. Haka na shiga Kwatano da hulata a aljihu, kaina cikin kwanon da ban san zufar mutum nawa ya sha ba.

Zango kuwa sai na ji kamar ban bar gida ba. Ga kiran salla, ga masu tsire, ga dattawa da manyan riguna a kan benci. Sai an yi magana za ka tuna inda kake, don Hausarsu ta sha Faransanci: makaranta lekol ce, fulogi buji, kwayil kuma bobin. Na tarar da Kawu kwance a tabarma, ƙafa a ɗaure. Ya rungume ni muka yi ta kuka kamar yara, don rabona da shi tun ina sakandare. Matarsa, Inna Saude, haifaffiyar Zango ce, kakanninta fatake ne da suka zauna tun da can. Ita ta gyara min shagon da ke jikin soro. Ɗaki ne mai kyau, sai dai komai na cikinsa a jiƙe yake ba tare da an zuba ruwa ba. Rigar da na wanke ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Kwaɗon ƙofa ya yi tsatsa, ƙusoshin bango sun yi tsatsa, kan bel ɗina ma a kwana na uku ya fara ja. Na ga duk wannan da idona, abin da kawai na fahimta shi ne mutanen garin ba su iya adana kaya ba.

Abincin farko da aka kawo min akasa ne, wani farin tuwon kamu mai ɗan tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono niƙaƙƙe a gefe. Inna ta ce in bi barkonon a hankali. Na ce, "Haba Inna, Bakano ake wa kashedin yaji?" Loma biyu na yi, hawaye da majina suka haɗu a haɓata. A nan na fara jin muryar Rahinatu, 'yar Kawu, daga bakin madafa.

"Baba, wannan ne Injiniyan? Ai tun yanzu injinsa ya ɗau zafi."

Taubashiyata ce, ni ɗan mace ita 'yar namiji, don haka tana da lasisin tsokanata, kuma ba ta bar lasisin ya kwana banza ba. Shekarunta sha tara, ungozoma take son zama. A satin nan za ta fara jarabawar bak, ta gama sakandare, wadda in ba ka ci ta ba babu maganar gaba. Bara ta shirya tsaf, taifot ya kwantar da ita a satin jarabawa, shekara ta tafi a banza. Bana kuma an tura ta wata makaranta a unguwar Avotrou, can ƙetaren gada, ga mai kai ta kwance da karaya.

Kawu ya ce, "Tun tana aji ɗaya ni nake kai ta lekol a babur ɗin nan, ba ta taɓa makara ba. Ranar bak kuwa zem wuya yake, kowa ya kama nasa, balle in an yi ruwa. Kuma in suka rufe ƙofa, ko ɗan wa kake ba sa buɗewa. Kai za ka kai min ita, Nasiru. Amma gobe ka tura babur ɗin wurin Patron Kojo a unguwar Saint-Michel ya duba, shi ke min gyara."

Maganar ta sosa min rai. Ni da na ratso ƙasa biyu da jan kwayil a jaka, a ce in tura babur wurin wani? Na ce, "Kawu, ina gidan nan ba mai taɓa babur ɗinka sai ni." Ya dube ni, ya ce to.

Washegari da hantsi na fito da babur ƙofar gida, inda jama'a za su gani. Da na cire tanki sai na ga abin da na kira ƙazanta. Gindin tsohon kwayil, inda yake haɗe da ƙarfen babur, an lafta masa giris baƙi ƙirin. Hular fulogi kuma an naɗe ta da tsinken robar cikin taya, an ɗaure tam kamar bakin buhu. Na yanke robar na jefar, na goge giris ɗin da tsumma, na kwance tsohon na ajiye. Jan nawa kunnensa bai zo daidai da ramin tsohon ba, sai na matsa da shi gaba kaɗan zuwa wani rami da ba a amfani da shi. Wurin ya yi jajir da tsatsa. Na ɗora a kai haka nan na ɗaure noti.

Wani tela da ke maƙwabtaka ya leƙo ya ce, "Sannu da aiki, baƙo. Ba ka kankare ba." Na ce na gode. Mai kokon da ke tsallaken layi, tsohuwa ce, ta ce, "Yaro, ina robar?" Na ce wannan sabon zamani ne, Iya, ba ya son roba. Rahinatu ta fito da littafi a hannu ta tsaya a kaina.

"Yaya, Patron Kojo fa sai ya goge wurin ya yi fari kamar cokali, ya shafa giris, sannan ya ɗaura."

"Ke da za ki karɓi haihuwa, ina ruwanki da haihuwar wuta? Je ki yi karatunki."

Na mayar da tanki, na buga kik sau ɗaya, babur ya tashi. Na murɗa shi ya yi ƙara har kaji suka watse. Na zaga layi sau uku ba don komai ba sai don tela ya gani.

Abin da na sani sarai, don shi na fara koya a gareji, shi ne wutar kwayil ta jikin ƙarfen babur take zagayowa. In wurin da aka ɗaure shi bai kama ƙarfe tsantsa ba, wutar rabi ce. A Kano ƙarfe a bushe yake, ka ɗaura ka tafi, shekara da shekaru ba abin da zai faru. A Kwatano iskar teku gishiri ce, tituna kuma da damina kududdufai ne. Shi ya sa kowa a garin, daga mai duba jaka a iyaka har mai koko, ya san a kankare, a shafa, a naɗe. Ni kaɗai ne ban sani ba, ni kaɗai kuma ke da allo mai Injiniya.

Ranar jarabawa aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kawu ya yi mata addu'a, Inna ta sa mata takardar shiga a leda biyu. Muka fita da wuri, ita a baya tana nuna min hanya. Ko sifana ban ɗauka ba, don wanda ya yarda da aikinsa ba ya yawo da kayan aiki. Muka wuce babbar kasuwa, muka hau gada, babur na tafiya sumul, har ina ce mata ta ji yadda wuta ke aiki. Da muka sauka muka bar kwalta muka shiga wani layin yashi, ruwa ya kai rabin taya. Babur ya yi tari sau biyu ya mutu.

Na buga kik. Na sake bugawa. Na buga har takalmina ya fice ruwa ya tafi da shi. Zem suna ta wucewa, kowanne da ɗalibi a baya rungume da leda, ba ko ɗaya da ba kowa. Rahinatu ta ɗaga wa fiye da goma hannu. Ta duba agogo, ta ce da ƙafa ba za ta kai ba ko da gudu. Ba ta zage ni ba, ba ta ma tsokane ni ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Ta tsaya cikin ruwa ta ƙanƙame ledarta, ta ce a hankali, "Yaya, shekara biyu ke nan." Ban taɓa jin na tsani kaina irin na lokacin ba.

A gefen layin akwai wata rumfar kwano, wata mata 'yar ƙabilar Fon na zaune da kwalaben fetur. Ta daka mana tsawa tana yafito mu. Muka tura babur ƙarƙashin rumfar. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, Rahinatu ce tsakani. Matar ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin tanki, ta ga jan kwayil, ta dubi hular fulogi tsirara, ta dube ni tun daga sama har ƙafata mara takalmi. Abin da ta faɗa gajere ne.

"Me ta ce?"

"Ta ce wane baƙo ne ya yi wannan aikin."

Na ce, "Gaya mata ni ne."

Ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai sifana lamba goma, da guntun samfefa da ya sha aiki, da giris a murfin kwalba, da tsinken roba a naɗe. Ashe babura sun saba mutuwa a gaban rumfarta. Na durƙusa a cikin taɓo na ɗaga tanki, na kwance kwayil, na shiga kankarar ƙarfe. Na goga kaɗan na kai hannu zan ɗaura, ta buge min hannu kamar yaro ya kai wa nama, ta nuna in ci gaba. Sai da wurin ya yi fari fes ta gyaɗa kai. Ta tsane hular fulogi da gefen zanenta, na shafa giris, na ɗaure. Don in tabbatar akwai wuta na riƙe wayar da jiƙaƙƙen hannu na ce Rahinatu ta taka kik. Akwai wuta. Sai da na ji ta har cikin haƙorana, na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba. Matar ta yi dariya har tana dafa tebur, sannan ta karɓi robar ta naɗe hular da hannunta, ta ɗaure tam irin ɗaurin da na yanke rannan.

Bugu ɗaya ya tashi. Na laluba aljihu, ta kore ni da hannu tana nuna Rahinatu tana nuna hanya. Ban san yadda na yi tuƙin nan ba, ƙafa ɗaya ba takalmi, ina ratsa ruwa ina salati. Muka iso mai gadi ya riga ya turo ɓari ɗaya na ƙofar yana jawo ɗayan. Rahinatu ta dira tun ban gama tsayawa ba, ta cilla min hular kwano, ta kutsa ta ɗan abin da ya rage. Na ga bayan hijabinta ya shige, ƙofa ta rufu. Na zauna a kan babur cikin ruwa na yi kuka, ba mai ganewa don kowa fuskarsa a jiƙe take.

Da yamma na ɗauko ta muka koma. Kawu ya sa an fito da shi soro yana jiranmu. Ya tambaye ta jarabawa, ta ce alhamdu lillahi. Sai ya ce, "Babur fa? Bai ba ku wahala ba?"

Kafin in buɗe baki ta ce, "Lafiya lau muka je, Baba. Ban makara ba."

Ta rufa min asiri ke nan, kuma ba ƙarya ta yi ba. Da na yi shiru da ya wuce. Amma na kasa. Na durƙusa gaban tabarmarsa na faɗa masa komai, tun daga robar da na yanke har takalmin da ruwa ya ci. Bai katse ni ba. Da na gama ya nuna babur da haɓa.

"Tun da kuka shigo na ga robar ta dawo, kuma ba ɗaurinka ba ne. Jira nake in ji ko ɗan 'yar'uwata zai faɗa da bakinsa." Sannan ya ce, "Da na ce maka to rannan, kunyar uwarka na ji. Na kusa sayar da shekarar 'yata saboda kunya. Laifin namu ne mu biyu."

Wannan maganar ta fi wutar kwayil shiga jikina.

A ranar, kafin magariba, na tura babur Saint-Michel wurin Patron Kojo, da tsohon kwayil a aljihu. Wani ɗan siririn dattijo ne mai furfura. Ya duba aikin, ya ce ta bakin tela da ya raka ni, kwayil ɗin ba laifi, tsohon ma lafiyarsa ƙalau, fulogi ne ya gaji. Ya canza fulogi. Sauran kwanakin jarabawa na kai ta na ɗauko ta ba ko tari, da gwangwanin kayan gyara da na haɗa irin na mai fetur a ɗaure a bayan babur. Ranar ƙarshe na kai wa mai fetur rabin daddawar Umma. Ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta karɓa.

Bayan na dawo da 'yan makonni Rahinatu ta bugo. Ta ci. Ina ta murna ina kabbara a tsakiyar gareji, ta ce in tsaya ba ta gama ba, Baba ya fara takawa, kuma mai koko na tambaya ko yaron nan ya koyi naɗa roba.

To Sabi'u, ka ji dalilin samfefa. Na san a Kano ba gishiri a iska, na san ɓata lokaci ne, ba sai ka faɗa min ba. Amma duk sanda na ɗora kwayil a kan ƙarfe na kai hannu ga noti, sai in ga ƙofar nan tana rufuwa, in ajiye sifana in fara kankara.